Asusun Ritaya na IRA: Iyakar Zubi da Tarar da ke Jiran 'Yan'uwanmu Mazauna Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Amurka, wanda ko da yake can ake yin sa, wani ɓangare na dalilinsa yana nan cikin gidajenmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena. Maganar ita ce ta asusun ajiyar tsufa da mutum ke buɗe wa kansa a Amurka, wanda ake kira IRA, da iyakar da doka ta sa wa abin da za a zuba a ciki, da kuma tarar da ke hawa kan wanda ya wuce iyakar. Lokacin cike takardun harajin shekarar 2025 ya kama, wa'adinsa kuwa 15 ga Afrilu, 2026 ne, kuma da yake azumi da sallah sun faɗo a tsakiyar wannan lokaci, ina tsoron da yawa za su bar batun sai kwanaki sun ƙure.

Aikin akanta na yi har na yi ritaya, shi ya sa yaran unguwarmu da ke can sukan turo mini hotunan takardunsu ta WhatsApp in duba musu kafin su sa hannu. Abin da na lura da shi shi ne, kusan dukkansu sun ɗauka cewa iyakar samu, wato yawan kuɗin shigar da ke hana mutum zubi a asusun, magana ce ta likitoci da manyan injiniyoyi, ba ta direba ko mai gadi ko mai jinyar tsofaffi ba. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Mutanenmu sun fi faɗawa cikin tarar nan ta hanyar aure, da ƙarancin abin da suka rubuta a matsayin samu, da dawowa gida, fiye da yadda suke faɗawa ta hanyar yawan albashi.

Bari in fara da yadda asusun yake. Dokar Amurka ta 1974 ce ta kafa tsarin IRA, wanda a yau ake kira na gargajiya. A cikinsa ana iya cire abin da mutum ya zuba daga samun da za a ɗora wa haraji a shekarar, sai a biya harajin ranar da aka zo ɗiban kuɗin a tsufa. A 1997 aka yi dokar da ta kawo nau'i na biyu, wanda ya fara aiki a 1998, aka kuma sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware. A asusun Roth mutum yana zuba kuɗin da ya riga ya biya wa haraji, idan ya kai shekara 59 da rabi kuma asusun ya cika shekara biyar, sai ya ɗebi uwa da riba ba tare da ya biya ko sisi ba. Wannan ne ya sa matasanmu suka fi son Roth, kuma suna da gaskiya. Ga mai gudun riba haramtacciya, ya kamata a sani cewa asusun mazubi ne kawai, mai shi ne ke zaɓen irin hannayen jarin da za a saya da kuɗin, kuma akwai waɗanda aka tace bisa ƙa'idar Musulunci.

A shekarar 2025 iyakar zubi dala 7,000 ce, wanda ya kai shekara 50 kuma an ƙara masa 1,000, ya zama 8,000. A 2026 an ɗaga ta zuwa 7,500, da ƙarin 1,100 ga masu shekara 50 zuwa sama. Wannan iyaka ta haɗe duk asusun IRA da mutum yake da su, na gargajiya da na Roth, ko da a kamfanoni daban-daban suke. Wanda ya zuba 7,000 a wannan kamfani, ya sake buɗe wani asusu a manhajar waya ya zuba 3,000, ya wuce ƙa'ida da 3,000. Asusun fansho na wurin aiki, wato 401(k), lissafinsa daban ne, ba ya shiga wannan.

Mu da muka yi aikin albashi a Kamaru, abin da muka saba da shi shi ne tsarin fansho na hukumar CNPS, inda mai aiki ke yanke kashi 4.2 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, shi ma ya ƙara kashi 4.2, kuma ba a lissafa abin da ya haura sefa 750,000 a wata. A nan ma'aikaci ba ya iya wuce iyaka ko da ya so, domin ofishin biyan albashi ne ke tsare masa ita. Yaranmu sun tafi da wannan tunani, suna zaton idan kamfani ya karɓi kuɗin, to halal ne a zuba. Alhali kamfanin da ke riƙe da asusun IRA bai san nawa ne samun mutum ba, bai san ko yana da aure ba, bai san ko ya zuba a wani wuri ba. Zai karɓa, ya kuma aika wa hukumar haraji ta Amurka, IRS, rahoton abin da ya karɓa. Tsare iyaka nauyi ne a wuyan mai asusun shi kaɗai.

Ga asusun Roth akwai iyaka ta biyu, ta yawan samu. A 2025 wanda ba shi da aure yana iya zuba cikakken adadi idan samunsa bai kai dala 150,000 ba, daga nan abin da aka yarje masa yana raguwa har ya ƙare a 165,000. Ma'auratan da suka cike takarda ɗaya tare, zangonsu daga 236,000 ne zuwa 246,000. A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya marar aure da ta yi ta karɓar aikin dare da na ranakun hutu, samunta ya kai 156,000. Ta shiga zangon da dubu 6 cikin dubu 15, wato kashi 40 cikin 100, sai a rage mata 2,800, abin da ya halatta ta zuba ya zama 4,200. Idan tun watan Janairu ta riga ta zuba 7,000, tana da rarar 2,800 ba tare da ta yi wani laifi da gangan ba. Irin wannan yana faruwa, amma masu shi ba su da yawa a cikinmu, kuma galibi suna da wanda ke duba musu.

Inda nake son a tsaya sosai shi ne batun aure. Mai aure a Amurka yana da hanya biyu, ko ya cike takarda ɗaya tare da matarsa, ko kowa ya cike tasa. Ga wanda ya zaɓi kowa da tasa, kuma ya zauna da matarsa ko da na wani ɗan lokaci ne a cikin shekarar, zangon Roth ba 150,000 ba ne, ba kuma 236,000 ba ne. Daga sifili yake farawa ya ƙare a dala 10,000, kuma ba a ɗaga wannan adadi kamar yadda ake ɗaga sauran duk shekara. Ma'ana, duk wanda samunsa ya kai 10,000 a shekara, ba shi da damar zuba ko dala ɗaya a Roth. Galibin direbobi da masu gadi masu albashi a Amurka samunsu ya ninka wannan. Sassaucin da doka ta yi shi ne, idan miji da mata ba su zauna tare ba ko kaɗan a duk tsawon shekarar, sai a auna shi da ma'aunin marar aure.

To, a duba yadda rayuwar mutanenmu take. Saurayi ya ci cacar biza ya tafi, ya yi 'yan shekaru, ya dawo aka ɗaura masa aure a Yelwa, ya koma ya bar amarya a gidan iyayensa yana jiran takardunta. A waɗannan shekaru yana cike takarda shi kaɗai a matsayin mai aure, kuma da yake ba su tare, zubinsa a Roth yana kan ƙa'ida. Shekarar da Allah ya yi matar ta sauka, a nan ne lissafin ke juyawa. Ɗan wani maƙwabcina, direban babbar mota ne, samunsa yana wajen dala 60,000, matarsa ta isa can a watan Satumba. Mai cike masa takardu ya bi abin da ya saba yi duk shekara bai tambaye shi komai ba. Da ya turo mini hoton shafin farko, na ga an yi alama a gurbin mai aure da ke cikewa shi kaɗai, adireshinsa da na matar kuma ɗaya, sannan a takardar bankinsa ga dala 583 tana fita kowane wata zuwa asusun Roth. Duk abin da ya zuba a shekarar ya zama rara, saboda wata huɗu da suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Maganin nasa bai yi wuya ba, domin an gano da wuri. Doka ta ba ma'aurata irin su damar su zaɓi a ɗauki matar a matsayin mazauniyar Amurka ta cikakkiyar shekara, su rubuta wannan zaɓi su sa hannu su biyu, su cike takarda ɗaya. Da zarar sun yi haka iyakarsu ta koma 236,000, rarar ta ɓace. Sharaɗin shi ne, duk abin da matar ta samu a shekarar, har da albashi ko ribar sana'ar da ta yi a nan Kamaru kafin ta tafi, sai an rubuta shi. Akwai ma wani alheri a cikin cikewa tare da mutanenmu ba su cika sani ba: miji yana iya zuba wa matarsa har cikakken adadi a asusun IRA mai sunanta ko da ba ta aikin albashi, muddin samunsa ya kai jimillar zubin biyu. A ganina wannan abu ne da ya kamata iyayen 'yan mata su riƙa tambayar surukansu a kai, domin mace da ta bar danginta ta tafi wata duniya tana renon yara, ya dace a ce tana da abin tsufa da sunanta.

Wanda matarsa ke gida har yanzu shi ma yana iya yin irin wannan zaɓi, sai dai sai ya nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7, kuma zaɓin yana ci gaba da aiki a shekaru masu zuwa, idan aka soke shi kuwa ba a sake yin sa. Don haka ba abin gaggawa ba ne. Abin da nake jan hankali a kai shi ne maganar zuwa hutu. Lafazin dokar cewa ya yi ma'auratan su kasance a rabe a kowane lokaci cikin shekarar. Saboda haka wanda ya zo ya yi azumi da sallah a ɗakin matarsa a Garwa, wajibi ne ya faɗa wa mai cike masa takardu wannan a fili, da ranar zuwa da ranar komawa, kada ya yanke wa kansa hukunci cewa hutu ba zama ba ne. Mai son kwanciyar hankali a irin wannan shekara sai ya zuba a asusun gargajiya, wanda ba shi da iyakar samu wajen zubi. Akwai kuma masu rubuta cewa ba su da aure alhali an ɗaura, wai don matar ba ta can. Wannan ƙarya ce a takardar hukuma, kuma takardun harajin nan suna cikin abin da ake dubawa ranar da mutum ya nemi a kawo masa iyalinsa.

Hanya ta biyu ta ƙarancin samu ce. Doka ta ce ba a zuba fiye da abin da mutum ya samu da guminsa a shekarar, wato albashi ko ribar sana'ar da ya yi da kansa. Kuɗin haya, da ribar hannun jari, da fansho, da tallafin rashin aiki, da kyautar ɗan'uwa, duk ba su shiga. Masu tuƙa motar haya ta manhaja su ne wannan ya fi kamawa, domin abin da ake aunawa ba kuɗin da fasinja suka biya ba ne, ribar da ta rage ce bayan an cire ɗawainiya. A 2025 an yarda a cire santi 70 a kan kowane mil da aka yi don aiki. A ce direba ya tara dala 38,000, ya yi mil 40,000, wato an cire 28,000, ya kuma cire wasu 5,000 na kason kamfani da sauran ɗawainiya, sai ribarsa ta tsaya a 5,000. Daga nan ma sai an cire rabin harajin masu sana'ar kansu, ya rage kimanin 4,650. Idan ya zuba 7,000, yana da rarar kimanin 2,350. Wanda kuma ya matse ribarsa a takarda da gangan har ta koma kusan babu domin ya guje wa haraji, ya sani cewa da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofar ajiyar tsufa, ya kuma rage abin da zai samu daga fanshon gwamnati. Ba na goyon bayan wannan ɗabi'a, kuma ba na ɓoye wa duk wanda ya turo mini takardarsa.

Hanya ta uku ta masu dawowa ce, kuma su suna cikinmu a nan. Amurka tana bin 'yan ƙasarta da masu katin zama na dindindin haraji a duk inda suke a duniya, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Kamaru ko Chadi. Akwai 'ya'yanmu masu fasfo ɗin Amurka da suka dawo suna aiki da ƙungiyoyin agaji a Marwa da Njamena, ko suka kama kasuwanci. Yawancinsu suna amfani da fom 2555, wanda ke ba su damar keɓe samun ƙasar waje daga haraji, har dala 130,000 a 2025. Wannan sauƙi ne babba, amma duk abin da aka keɓe ba ya cikin samun da ke halatta zubi a IRA. Wanda albashinsa dala 50,000 ne, ya keɓe shi duka, a idon doka ba shi da abin zubawa ko kaɗan, ba a Roth ba, ba a na gargajiya ba. Haka nan dattijon da ya dawo yana cin kuɗin hayar gidansa, ya manta da umarnin da ya bar wa banki na tura kuɗi kowane wata. Mai biyan haraji a nan yana iya barin fom 2555 ya nemi a cire masa harajin da ya biya wa Kamaru ko Chadi ta fom 1116, ta haka samunsa ya ci gaba da halatta zubi, sai dai wanda ya soke keɓewar ba ya komawa gare ta sai bayan shekara biyar, in ba da izinin hukuma ba. A kuma lura cewa mazauna waje an ɗaga musu wa'adin miƙa takarda zuwa 15 ga Yuni, amma wa'adin zubi na shekarar da ta wuce yana nan a 15 ga Afrilu.

Ita tarar kashi 6 cikin 100 ce ta rarar, ana lissafa ta a fom 5329. A kan dala 7,000 ta kama 420, wanda ya haura jaka 200 na sefa. Abin da ya sa take da haɗari shi ne ba sau ɗaya ake biyan ta ba. Kowace shekara da rarar ta kai ƙarshen Disamba a cikin asusun, sai an sake biya, kamar kuɗin ajiyar kayan da aka bari a tashar jiragen ruwa ta Duwala, wanda kullum ƙaruwa yake har ranar da mai kaya ya zo ya fitar da abinsa. Wanda ya zuba 7,000 ba bisa ƙa'ida ba shekara uku a jere bai cire komai ba, zai biya 420 a ta farko, 840 a ta biyu, 1,260 a ta uku, jimilla 2,520, ban da kuɗin jinkiri da ake ɗorawa. Wannan kuɗi ne da zai biya wa yara da yawa makaranta a nan, kuma takaici ne a ce ya tafi a kan abin da tambaya ɗaya za ta hana.

Gyaran yana da sauƙi ga wanda ya farga kafin wa'adi. Hanya mafi sani ita ce a cire rarar tare da ribar da ta haifa kafin ranar miƙa takarda. Wanda ya miƙa takardarsa a kan lokaci ko ya nemi ƙarin wa'adi, yana da dama har zuwa 15 ga Oktoba, sai dai idan ya riga ya miƙa zai aika takardar gyara. Idan dala 7,000 ta haifi 600, sai a fitar da 7,600, a biya harajin 600 ɗin a shekarar da aka yi zubin, babu tarar kashi 6. A da akan ƙara tarar kashi 10 a kan ribar ga wanda bai kai shekara 59 da rabi ba, amma dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2022 ta ɗauke wannan. Abin kiyayewa a nan shi ne kada mutum ya shiga manhaja ya ciri kuɗin kamar yadda yake cira a banki. Dole ya gaya wa kamfanin cewa mayar da rarar zubi yake nufi, ya cike takardarsu ta musamman, su lissafa ribar da kansu, domin su sa alamar da ta dace a fom 1099-R da za su aika wa hukuma. Cirar da ba a yi ta wannan hanya ba tana iya barin mutum da aiki biyu.

Wanda matsalarsa ta Roth ce kawai, wato yana da samun gumi amma aure ko yawan albashi ya hana shi, a ra'ayina bai kamata ya fitar da kuɗin ba sam. Cikin wannan wa'adi yana iya umartar kamfanin ya mayar da zubin da ribarsa zuwa asusun gargajiya, a ɗauka tun farko can aka zuba. Daga nan sai a duba ko zai samu ragin haraji a kai. Idan yana da fansho a wurin aiki, ragin marar aure yana raguwa tsakanin dala 79,000 da 89,000 a 2025, na ma'aurata masu takarda ɗaya kuma tsakanin 126,000 da 146,000. Idan ragin bai halatta ba, kuɗin yana iya zama a ciki, amma sai an rubuta shi a fom 8606, in ba haka ba ranar tsufa za a sake karɓar haraji a kan kuɗin da an riga an biya masa. Tun 2010 kuma babu iyakar samu ga mai son juya kuɗi daga asusun gargajiya zuwa Roth, sai dai wanda yake da tsohon kuɗin da ba a biya wa haraji ba a wani IRA, za a lissafa su a haɗe, kuma wani kaso zai ci haraji. Wannan mataki ne da ba a ɗauka sai da masani.

Wanda wa'adin Oktoba ya wuce shi, tarar shekarar ta hau kansa, babu makawa. Abin da ya rage masa shi ne ya tsayar da ita, ko dai ya cire ainihin rarar kafin ƙarshen Disamba, a nan ba a neman ya fitar da ribar, ko kuma ya rage zubin shekara mai zuwa domin rarar ta cike gurbin, idan a shekarar yana da damar zubi. Kowace shekarar da ta wuce da rara tana buƙatar fom 5329 nata. Na san akwai masu cewa a yi shiru tunda ba a aiko da wasiƙa ba. Shirun hukuma ba yafiya ba ne, rahoton zubin yana hannunta.

Malam Edita, ina da magana da mu da ke gida ma. Idan yaro ya faɗa a waya cewa zai ciro dala dubu bakwai daga wani asusu, nan take sai buƙatu su taso, wannan na son jari, wancan na son a gyara masa rufi kafin damina. Buƙatun gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma wannan kuɗin abin tsufansa ne da aka zuba a mazubin da bai dace ba, kuma abin da ya kamata shi ne a mayar da shi inda ya dace. Mutumin da ke tuƙi dare da rana a cikin sanyin ƙasar mutane, idan ƙarfinsa ya ƙare ba shi da gona ba shi da garke, wannan asusun ne gonarsa. Kazalika mu ne ke riƙe da wasu bayanan da lissafin ya dogara a kansu, kamar takardar aure ta magajin gari, da ranar da matar ta tashi, da abin da take samu a sana'arta. Idan ya nemi a turo masa su, a turo da wuri kuma a faɗi gaskiya.

Su kuma 'yan'uwa da ke can, ina ba su shawara su lura da wanda suke kai wa takardunsu. Duk mai cike takardar haraji don a biya shi, doka ta wajabta masa ya sa hannu ya kuma rubuta lambar rajistarsa da hukumar haraji, wato PTIN. Wanda ya ƙi sa hannu, ko ya gama cike takarda bai tambayi ko an yi zubi a IRA ba, bai tambayi inda matar take ba, a nemi wani ko da ɗan gari ɗaya ne. Masu matsakaicin samu suna da shirin VITA, inda masu aikin sa kai da aka horar ke cikewa kyauta. Littafin hukumar mai lamba 590-A yana intanet, kuma a cikinsa akwai jadawalin da ake bi a fitar da adadin da ya halatta.

Kada kuma kowa ya jira fom 5498, wanda ke nuna abin da aka zuba a shekara, domin kamfanoni suna da har ƙarshen watan Mayu kafin su fitar da shi, wato bayan wa'adin Afrilu ya wuce. Mai asusu ya buɗe bayanan asusunsa yanzu, ya haɗa duk abin da ya zuba da sunan shekarar 2025 a kowane kamfani, har da wanda ya zuba a farkon 2026 da sunan bara, ya kai wa mai cike masa takardu tare da bayanin aurensa da tafiye-tafiyensa. Wanda samunsa ke hawa da sauka, gara ya dakatar da turawar kowane wata, ya jira sai an gama lissafin shekara sannan ya zuba a dunƙule kafin 15 ga Afrilu. Ina roƙon a buga wannan wasiƙa tun da sauran lokaci, masu karatu kuma su tura wa nasu da ke can.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon akanta, Garwa, Arewacin Kamaru